Sunaye a Ƙarƙashin Benci

Ni kafinta ne a Kantoga,
aji huɗu na tsaya.
Duk dogon hutu hedimasta kan turo min
bencinan da suka karye,
in kife su in buga ƙusa.
A nan nake nawa karatun.

Ƙarƙashinsu akwai sunaye,
an tsaga su da reza:
Barau. Lantana. Tanimu na Gidan Rimi.
Hansatu, wadda ta juya wa "s" ɗinta baya.

A aji ɗaya su bakwai ne a benci,
na takwas a ƙasa, littafi bisa cinya.
Kafin aji shida har da wurin ajiye takalma.

Wai tsani ne, in ji masu tsarin:
shida, uku, uku, huɗu, ka hau sama.
To ni nake haɗa tsani.
Ban taɓa barin gaba guda
tsakanin mataki da mataki ba.

Ƙaramar sakandare tana hayin rafi.
Rafi ya kawo, Barau ya jira ya janye,
yana jiran har ya yi gemu.
Lantana ta kai aji uku,
kuɗin jarrabawa da kuɗin taki suka zo rana ɗaya,
gona ta fi baki.

Tanimu ya yi Birnin Kudu a keke,
shekara uku, faci kan faci.
Lissafi ya riƙe masa ƙafa a takardar ƙarshe.
Yau yana cajin waya a tasha,
bai taɓa kuskuren canji ba.

Hansatu kuwa an kai ta Dutse,
ta zauna gaban kwamfuta, ranar ta fara taɓa ta.
Ta faɗi. Ta koma baɗi.
Jami'a ta buɗe ƙofa,
yajin aiki ya mai da huɗu shida,
uwarta ta sayar da tumaki biyar da tukunyar tagulla.

Jiya ta shigo rumfata,
alli a yatsu, yara na ce mata Malama.
Na kife mata bencin. Ta yi dariya,
ta ce, "Baba, goge wannan abin kunya."

Na ce a'a.
Ta daɗe tana shafa sauran ukun.
Sannan ta tambayi kuɗin katako.