Nun a Kife

Da muka buɗe akwatin ƙarfen Baba
bayan sadakar bakwai,
ƙarƙashin kakin da asu ya cinye wa wuya
sai ga wani littafi mai layi biyar-biyar,
baƙaƙen ɗigo sun sassauka a kai
kamar tsuntsaye a wayar lantarkin Gwammaja.

Shekara ashirin da shida ya yi
yana busa begila a badujalar 'yan sanda ta Bompai.
Kalmomin saman shafin na Italiya ne,
ƙasar da bai taɓa ganin sunanta ba
sai a ƙasan takalmin Insifeto Dalyop.
Amma kusa da kowace baƙuwar kalma,
da fensir, cikin ajami,
ya yi mata shimfiɗa, ya ba ta ruwa.

Andante, ya rubuta:
tafiyar mai alwala, an yi kiran farko,
ba ya gudu, ba ya tsayawa gaisuwa.
Allegro: Kantin Kwari, jibi salla.
Adagio, wadda bakinsa ya mayar adajo:
yadda Uwani ke tankaɗe in tana fushi da ni.

Uwani ce ta haife ni.
Na karanta mata.
Ta ce ƙarya yake, Allah ya jiƙansa,
sannan ta shiga ɗaki, ta daɗe.

A shafi na tara na tarar da ɗan sanda
yana koyar da sata.
Rubato: ka ɗebi lokaci a nan,
ka mayar da shi can
kafin mai ganga ya farga.
Ya ja layi biyu a ƙarƙashin ka mayar.

Akwai inda harafi guda ya zo sau biyu, ƙanana,
kamar ludayi biyu a rataye.
Pianissimo.
Bai rubuta komai ba a nan, ba na kuwa bukata.
Na san ƙarfe huɗun asuba,
ya dawo daga aikin dare,
ya cire takalma tun a zaure
ya ratsa tsakar gida da safa,
ni kuma ina lumshe ido da gangan
don kada wahalarsa ta tashi a banza.

Morendo ce ta tsayar da ni.
Na tambayi waya, ta ce: yana mutuwa.
Waya ba ta da kunya.
Shi ga abin da ya sa:
kada ka daina, ka dai rage,
ka rage,
har mai sauraro ya kasa cewa ga inda ka tsaya.
Haka aka yi a Asibitin Murtala, gado na uku daga taga.
Ina riƙe da hannunsa
amma ban san a wane numfashi ba ne.

Can ƙarshe, a kan ɗigon ƙarshe,
wata alama: baka da ɗigo a cikinta.
Sun ce sunanta fermata.
Baba ya ce: nun ce ta kife.
Riƙe. Nan ba a ƙidaya.
Ka kalli hannun mai sanda,
shi ya san lokacin saki.

Yau da la'asar ɗana Sallau
ya zaro begilar daga tsumma,
duk ta lotsa, ta yi kore a wuya.
Ya cika kumatu, ya busa.
Abin da ya fito, ko jaki ba zai amsa shi ba.
Tantabarun maƙwabta suka watse,
mai gyaran keke ya leƙo ta katanga.

Na duba littafin kaf,
Italiyawa ba su da kalmar wannan.
Daga ɗaki Uwani ta ɗaga murya:
Ku ƙyale shi.
Haka wancan ma ya fara.