Babi Na Sha Bakwai, Daga Rumfar Gadi

Baba ya aiko ni korar tsuntsu.
Na hau rumfa da gwangwanaye shida a igiya
da littafin Kimiyya da na juya ta baya,
don ta bayan ne ake yaƙin.

Wata uku ke nan ana gwabzawa.
Shaiɗanun ƙarƙashin ƙasa sun ci birni bakwai,
sun shanye kogin Haɗeja har kifi ya ga rana.
Saura gari guda, na aljanun ruwa,
can cikin kacala inda kwalekwale ba ya shiga.

Da fari mala'ika na yi jarumin,
na ba shi fiffike mai faɗin gonar Alhaji Haladu.
Malama Ramlatu ta tsinci takardar ƙarƙashin benci,
ta karanta har ƙarshe, ina kallonta,
sannan ta ce, "Ke Sahura, mala'iku ba sa ci, ba sa sha,
balle tsayuwar zance a gindin giginya.
Yi istigfari."
Na yi. Na goge fiffiken da yawu da ɗan yatsa
har takarda ta huje,
na mai da shi aljani musulmi mai shimfiɗa buzu kan ruwa.
Amma duk inda ya juya baya a labarin
akwai tabo biyu a kafaɗunsa
da ban gaya wa kowa asalinsu ba.

Sunansa Zarwanu.
Barira ta ce hancin Jazuli mai injin ban-ruwa na ba shi,
har da tarin nan kafin magana.
Ƙarya take. Jazuli warin fetur yake,
bai san takobi ba, sai sufana,
kuma bai taɓa ce mini komai ba
in ban da "Sannu da rana,"
wata Laraba, sai kuma wata Asabar.

A wayar yayata na fara ganin irinsu,
labaran da ake turowa babi-babi da dare,
caji ya mutu daidai inda jarumi zai buɗe baki.
Nasu duk gidan gilashi ne da dusar ƙanƙara.
Na ce mu ma ai muna da duhu,
muna da Iya Tabawa da ba ta zubar da ruwan zafi
sai da bisimilla, kada ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye.

Yau yarinyar labarin za ta zaɓa:
ta bi shi ƙarƙashin ruwa ta manta sunan uwarta,
ko ta zauna a tudu ta tsufa da taɓarya a hannu.
Na ciji murfin biro. Na rubuta, "Sai ta ce"

sai gabas ta yi baƙi.
Ba hadari ba ne, jan-baki ne,
dubu kan dubu, suna murɗawa kamar hayaƙin ƙona tattaka,
rundunar da ba ta da sarki balle a nemi sulhu.
Na ja igiya, gwangwanaye suka ɗau kuka,
na yi ihu har muryata ta tsage,
na jefi sama da hoge.
Daga bakin kwata sai ga wani a guje
da buhun taki biyu, ɗaya a kowane hannu,
farare, suna tashi suna sauka a bayansa,
rana na dukansu.

Sun cinye mana fangali uku ta yamma.
Littafin ya faɗa laka, babi na tara ya jiƙe,
shaiɗanu biyu sun narke cikin shuɗin tawada.
Shi ya tsamo shi, ya goge a rigarsa, bai buɗe ba.
Ya yi tari.
Ya ce, "Sannu da rana."

Na shanya shi a kan kara, na danne da dutse.
Yarinyar na nan da bakinta a buɗe.
Gobe, in tsuntsu ya bari, ta ƙarasa maganarta.