Kafin Alƙalami

Mu shida ne, biyar ake gani.
Ni ne na can baya, gefen janareta,
littafi a cinya, biro a kunne,
ko gwangwani ban taɓa kaɗawa ba.

Bappa Manu mai kalangu,
Litinin zuwa Alhamis yana ƙarƙashin mota a Tashar Dukku.
In na kira, yaronsa ke ɗauka:
"Ya ce in biki ne, nawa?
In gwaji ne, bai ji ba."

Lamela na koyar da 'yan aji huɗu a Bolari.
Piyanon nasa ne, batirin na ƙungiya,
gardamar wa zai sayi sabo
tun bara ba ta mutu ba.

Innawuro, muryarmu, tana shagon magani a Jekadafari,
sai na roƙi mai shagon ya sake ta da la'asar.
Kwairanga tela ne, gurminsa rataye bisa keke,
in Salla ta matso kada ma ka neme shi.
Giɗaɗo mai ganga ɗan acaba ne,
kowa yake kaiwa a kan lokaci,
shi ne bai taɓa zuwa da wuri ba.

Asabar ɗin nan Kumo muka nufa.
Uban ango ya ba da dubu ashirin kafin alƙalami,
ya dafa ƙirji, arba'in ranar biki.
Na miƙa masa littafi ya sa hannu.
Ya ce, "Takarda, tsakanin 'yan uwa?"
Na ce, "Alhaji, mantuwa nake tsoro,
ba kai ba."

A-kori-kura, zuwa da dawowa, sha biyu.
Fetur galan guda.
Fatar kalangun da ta tsage a Bajoga.
Lasifikar hagu na tari kamar tsohon mashayin taba,
sai da na yi hayar wata a Pantami.
Ashirin ta ƙare ƙurmus
ba a ɗaga gula ba.

Da fili ya cika, kowa idonsa na kan masu rawa,
nawa na ƙasa.
Liƙi na zuba, ina bin ɗari biyu-biyu,
ina lura da ƙafar yaron can
da ta tsaya cik a kan wani abu
ba don gajiya ba.

Sai wutar ta ɗauke, janareta ya shaƙe.
Innawuro ba ta tsaya ba.
Ta ja baitin a duhu, muryarta tsirara,
gurmi ya lallaɓo ya bi ta a baya,
wata tsohuwa ta jingine sandarta ta miƙe.
Ina kan dubu bakwai da ɗari nawa?
Na duba hannuna, kuɗi ne a ciki,
lissafin kuwa ya tafi,
kuma ban bi shi ba.

An watse. Wayar Alhaji a kashe.
Ƙaninsa ya fito yana jan rabin buhu:
"Kasuwa ba ta ci ba bana,
ya ce ku riƙe waken nan tukuna."
Na duba sa hannun da ke littafi,
kyakkyawa ne, har da ɗan lanƙwasa a wutsiya,
bai dai iya sayen fetur ba.

Ƙarfe ɗaya na dare, teburin mai shayi a Herwagana.
Muka ari mudu.
Na ware na asusu, na ware na mai lasifika,
sannan kowa ya buɗe leda.
Bappa na ƙirga zubin da leɓe,
ya ce, "Kaso shida? Wa ya ji kiɗan na shidan?"
Lamela ya ce, "Kai ka je ka yi ciniki gobe."
Shiru. Aka ci gaba da awo.
Mudun ƙarshe, nawa,
bai cika ba.

Da asuba waya ta yi ƙara.
Suna ne a Deba, Juma'a mai zuwa:
"Nawa kuke yi?"
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi,
na ja layi, na rubuta kwanan wata.
Na ce, "Kuɗi, ranka ya daɗe, rabi a hannu.
Wake muna da shi,
ba mu ci rabinsa ba."