Mai Jan Ƙeya na Giginyar Marma

Kawu Jatau ya ce shirwa ce.
Na ce a'a. Shirwa wutsiyarta a tsage take,
tana lilo a sama kamar wadda ba a jiranta a gida.
Wannan ba ya lilo.
Ƙasa-ƙasa yake bi, yana aske kan shinkafa,
kafin ka ɗaga yatsa ya tsallake fadama.

Kwana uku ina haƙar muruci,
hannu a ƙasa, ido a sama,
kafin ya yarda na gan shi zaune.
Shaho ne, amma da ƙyar ya kai hasbiya.
Kai da ƙeya ja,
jan tukunyar da aka kwaso daga wuta yanzu.
Baya toka.
Ciki saƙi ne, baƙi kan fari, zare-zare.
Rawaya ta kewaye ido, ta sauka ƙafa,
ƙasan idon kuma ɗan layi,
kamar kwalli ya zarce wa mai sauri.
In ya buɗe wutsiya, duba ƙarshenta:
baƙar ɗamara mai faɗi, sai fari kaɗan.

Su biyu ne.
Na ɗauka uwa ce da ɗanta,
sai ranar da ƙaramin ya kawo jan-baki a figge
ya miƙa wa babbar, ya matsa gefe.
Ashe maigidan ke nan.

Ba su ɗauko kara ko ɗaya ba.
Tsohuwar sheƙar hankaka suka samu a hammatar ganye,
suka shiga, ba haya, ba godiya.

Da almuru suke aiki.
Ɗaya ya tayar, ɗaya ya tare.
Na ga tsattsewa ta kuɓuta sau biyu.
Jemagen da ya riga 'yan'uwansa fitowa
bai koma ba.

Bara Kawu ya sayar da giginyar, za a tsaga azara.
Na roƙi kwana arba'in, 'ya'ya uku su yi fiffike.
Ya dube ni, ya dubi sama,
ya ce, "A kan shirwa?"
Ya ba ni talatin.

Biyu sun tashi.

Yanzu in na kwana ɗakin Hajjo a Kirikasamma
ina kallon rufin, ina ƙirga azara,
ban san wacce ce ba.
Da asuba wani abu kan wuce ta bayan gari,
ki-ki-ki-ki,
in fito ba takalmi.