Keken da ke Bangon Kakana

A Ƙofar Gayan, bayan tsohuwar rijiya,
akwai zauren da kakana ya yi wa ado,
Jatau Magini, mai karkataccen babban yatsa.
Ban riske shi ba. Bangon na riska.

Ina 'yar shekara bakwai nake bin zanensa da yatsa,
in shiga ta nan, in ɓullo ta can,
dagin ya haɗiye hannuna ya dawo min da shi,
ban taɓa gano bakin zaren ba.
Inna takan ce, "Ke Ladidi, rabu da bangon mutane,
damina hamsin ya sha bai faɗi ba,
ke ce za ki cinye shi da farce."

Yanzu a Samaru nake, ɗaki ɗaya, fanka mai kuka,
kwamfuta a cinya, wuta ta leƙo ta koma.
Tambari nake zana wa 'yan kasuwa.
Mai burodi zaki yake so.
Mai ruwan leda yana son dutsen ƙanƙara
wanda bai taɓa gani ba, ni ma haka.
Hajiya Kilishi mai humra ta ce,
"Yi min irin na Dubai, kada a gane na nan ne."
Na yi. Ta biya. Na sayi data da mudun shinkafa.
Shinkafar ba ta yi min daɗi ba.

Ran Lahadi na shiga cikin birni
don an ce sabon mai gidan tayil zai manna.
Na tarar da yashi jibge, siminti buhu tara,
na tsaya gaban bangon kamar mai zuwa gaisuwa.
Sai na ga abin da gajarta ta ɓoye min:
can sama, inda idon yarinya ba ya kaiwa,
tsakanin dagi da kan takobi,
keke.
Keke sosai, da ƙafa biyu da ƙararrawa,
ga agogo a gefe, ya tsaya a huɗu saura kwata.

Wani tsoho mai gyaran rediyo ya ɗago kai,
sukudireba a baki, ya cire ya ce,
"Jikar Jatau ce? Ai ya sha surutu.
Aka ce keken Bature a bangon Bazazzagi?
Ya ce, shi ya kawo ni aiki da safe.
Na zana takobin da ban taɓa zarewa ba,
don me zan ƙi abin da ya ɗauke ni?"

Na yi dariya, dariyar ta tsaya min a wuya.

Na aro tsani wurin leburori,
na hau da zanina da komai suna kallo.
A cikin ƙafar keken ta baya
laka ta riƙe shatin yatsansa,
karkatacce, kamar jiya ya danna.
Na sa nawa a ciki.
Nawa ya yi ƙanƙanta, amma ya zauna.

Daren nan ba wuta. Da fitilar waya
na ƙulla dagi da igiyar caja,
na sa kaskon turaren Inna a tsakiya,
wanda bakinsa ya ɓalle tun ina goye,
na sa Kufena a baya, ja kamar bayan ruwa,
da A Daidaita Sahun da ya kai ni ya dawo da ni.
Layi ɗaya ya karkace. Na kai hannu zan gyara,
na fasa.

Na tura wa Hajiya ba ta tambaya ba.
Ta buɗe, kwana uku ke nan, shiru.

An gama tayil ɗin jiya, ruwan toka mai sheƙi,
kana wucewa kana ganin fuskarka.
Na wuce, na ga tawa,
na san daidai inda keken yake a bayanta,
ɗan sama da goshina, hannun hagu.