Noti Na Huɗu

Uku sun fito ba gardama.
Na huɗun ya ce atafau.

Ƙarfe uku na rana a Oulu, duhu ya riga ya sauka.
Motar Onni Karppinen na rataye bisa kaina,
tana ɗiga min narkakkiyar ƙanƙara a wuyan riga.
Shekara goma sha ɗaya tana lasar gishirin da ake watsa wa titi,
har tsatsa ta ɗaura wa noti da gindin shokazoba aure,
ba waliyyi, ba shaidu.

Na fesa masa mai, na je na dafa gahawa.
Na dawo, na sake fesawa.
Ya sha, ya yi shiru, kamar wanda ake bi bashi.

Na sa sifana, na zura mata bututu tsawon hannuna,
na rataya duk nauyina a kai.
Wani abu ya yi ƙara.
Ashe kafaɗata ce.

Onni na zaune kan tsohuwar taya, hula bisa gwiwa.
Gobe da asuba zai ɗauko matarsa daga asibiti,
an sa mata sabon ƙugu,
ba ya son ramin hanya ya girgiza ta.
Bai ce in yi sauri ba.
Da ya ce, da ya fi min sauƙi.

Na goge kan notin da burushin waya,
sai ga ɗigon fenti ruwan ɗorawa, bai fi ƙwayar gero ba.
Na san hannun.
Haka babana yake yi wa duk abin da ya ɗaure,
don kada gobe a ce an manta.
Shekara shida ke nan da muka kai shi makwanci,
ga shi nan yana riƙe da ƙafar motar mutane.

Na ce: Veikko, saki mana.
Bai taɓa sakin abu don an roƙe shi ba.

Sai na kunna wutar walda.
Shuɗin harshe ya lashi ƙarfe,
ƙarfe ya yi ja kamar gauta,
ɓawon tsatsa na fashewa yana faɗo min a hannun riga.
Na ɗauko guntun kyandir daga aljihun tebur,
nasa ne, har yanzu da shatar babban yatsansa,
na manna a zaren notin.
Kakin ya narke, ya bi ta inda mai ya kasa bi.

Guduma sau biyu, ba da fushi ba.
Yakan ce: Tuulikki, in kin ja da zuciya zai karye,
ki kwana kina haƙar gawarsa.
Ɗaure shi kaɗan tukuna.
Abin da zai saki, sai ya ji kamar za a ƙara riƙe shi.

Na ɗaure kaɗan.
Na dawo baya.
Gaba. Baya.
Sai kuka, siriri, irin na ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya faɗo tafin safata da zafinsa,
rabin jikinsa tsatsa ta cinye,
fentin ya ƙone.

Onni ya miƙe, ya sa hula.
Na shafa wa sabon noti giris, na ɗaure,
na tsaya ina laluben kanta
ko gwangwanin fentin nan bai bushe ba.