Kati a Cikin Ƙanƙara

Firjina ya mutu ran wata Talata,
tsakiyar zafin Fabrairu a Recife,
da kilo tara na kifin da zan soya wa ma'aikatan tashar jirgin ruwa.
Wari ba ya jiran ƙarshen wata.
Na miƙa kati, na'ura ta yi ɗan kuka,
aka ɗoro mini sabo a bayan motar Valdemir.

Sai haƙorin Baba.
Sai takalmin makarantar Tainá,
da ƙafarta ta ƙi tsayawa inda na bar ta bara.

Takarda tana zuwa ran goma ga wata.
A ƙasa, cikin ɗan akwati, sun rubuta mafi ƙarancin abin da zan biya,
kamar mai cewa kada ki damu, Dona Jucélia, kawo abin da ya sawwaƙa.
Na yi wata goma sha huɗu ina kai abin da ya sawwaƙa.
Ran da na zauna da fensir a bayan takardar burodi,
na ga na sayi firjin nan har sau biyu,
kuma har yau ba nawa ba ne.

Uwar kuɗin tana nan zaune, ko gezau.
'Ya'yanta nake ciyarwa.
Tana haihuwa da dare, ina barci,
tana haihuwa ran Lahadi, ina coci,
ba ungozoma, ba naƙuda.

Garinmu gari ne na gadoji.
Kowane ruwa a nan an yi masa abin hayewa,
ban da wannan.

Na je banki da rigar da nake zuwa biki.
Lamba ta hamsin da uku.
Yaron da ke bayan gilashi, Gilvan aka rubuta a ƙirjinsa,
ya daɗe yana duban allo,
ya ce za a mayar da shi bashi mai ƙayyadadden biya,
wata ashirin, ruwan ya ragu, amma kar in ƙara taɓa katin.
Da zan tashi ya sassauta murya:
shi ma nasa biyu ne, ɗaya ke biyan ɗaya.
Ashe hanjin nan har a cikin mai taye.

Da na dawo na cika gwangwanin man shanu da ruwan famfo,
na nutsa katin, na tura can ƙuryar firji, bayan kifi.
Shi da ya jefa ni a ruwa, ya ɗan ɗana.

Yanzu wata na shida.
Na daina hawa bas in dai tafiyar ba ta wuce gada biyu ba.
Jiya Tainá ta buɗe neman abin sanyi,
ta ɗago ƙanƙarar tana karanta sunana ta ciki.
Na ce mayar, rufe ƙofar,
wuta ma kuɗi ce.